Ɓoyo da Furci: Yadda Koyarwar Kirista Take Tunkarar Muguwar Sha'awa da Kallon Batsa

Koyarwar Kirista ba ta ɗauki sha'awar da ke tsakanin namiji da mace a matsayin ƙazanta ba. Surorin farko na Littafin Farawa sun nuna ta cikin abubuwan da Allah ya halitta ya kuma ga suna da kyau, Waƙar Waƙoƙi ta yi ta yabon ta ba tare da jin nauyi ba, Manzo Bulus kuma ya gargaɗi ma'aurata a 1 Korintiyawa 7 kada su riƙa hana juna. Abin da ikkilisiya take kira muguwar sha'awa wani abu ne daban. Ita ce sha'awar da aka raba ta da alkawarin aure, aka kuma raba ta da mutuncin wanda ake sha'awa, har ya zama jikinsa kaɗai ake gani. A Matiyu 5:27-30 Yesu ya ɗauke shari'ar zina daga kan gado ya kai ta cikin zuciya, ya ce duban da aka yi wa mace da nufin sha'awa ya riga ya zama zina. Kallon hotuna da finafinan batsa shi ne wannan duban, an mai da shi sana'a, an kuma tara masa kasuwa.

A wannan wurin ne Yesu ya yi maganar ƙwaƙule ido da yanke hannu. Tun da wuri ikkilisiya ta ƙi ɗaukar maganar a kan zahirinta. Masanin tarihi Eusebius ya ba da labarin cewa Origen, babban malamin Iskandariya, ya dandaƙe kansa a lokacin ƙuruciya don gudun jaraba, amma dokar farko ta Majalisar Nikiya a shekara ta 325 ta hana wanda ya yi wa kansa haka zama ma'aikacin ikkilisiya. Hukuncin ya tabbatar da cewa ba a gaɓa matsalar take ba. Makaho ma yana iya yin zina a zuci.

Matakan faɗuwa

Wasiƙar Yaƙub 1:14-15 ta kwatanta zunubi da ɗaukar ciki da haihuwa: sha'awa ta jawo mutum, ta yi ciki, ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Agustin, bishop na Hippo (garin Annaba na Aljeriya a yau), wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya raba wannan tafiya gida uku a sharhinsa kan Huɗubar Kan Dutse. Da farko tunani ya faɗo, sai zuciya ta ji daɗinsa, sai nufi ya amince. A mataki na ukun ne zunubi yake cika. Wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai ga mai kiwon rayuka, domin matasa da yawa suna ɗaukar faɗowar tunani kawai a matsayin faɗuwa, sai su ce tunda an riga an ɓata, gara a ƙarasa. Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada Yesu ta kowace hanya, duk da haka bai yi zunubi ba. Ashe gwaji da zunubi ba abu ɗaya ba ne.

Agustin ya san abin da yake faɗa daga rayuwarsa. Ya zauna da wata mace kusan shekara 15 ba aure, sun haifi ɗa mai suna Adeodatus, ya kuma bayyana a littafinsa na furci cewa yana saurayi yakan roƙi Allah tsarki amma yana fatan kada a amsa masa da wuri. A littafi na 8 na wannan aiki ya zana sarƙar da ta ɗaure shi. Karkataccen nufi ya haifi sha'awa, bin sha'awa ya zama sabo, sabon da ba a ƙi shi ba ya zama tilas. Babu wani bayani na zamani kan kamu da kallon batsa da ya fi wannan tsari daidaito. Sarƙar ta tsinke masa a wani lambu a Milan a shekara ta 386, lokacin da ya karanta Romawa 13:13-14, aka kuma yi masa baftisma a hannun Ambrose, bishop na garin, a 387. Sai dai bai yi da'awar cewa yaƙin ya ƙare nan take ba. A littafi na 10, yana bishop, ya yarda cewa hotunan da suka zauna a ƙwaƙwalwarsa suna dawo masa cikin barci.

Labarin Dawuda a 2 Sama'ila 11 ya ƙara wani abu da sau da yawa ake tsallakewa. Kafin ya hango Bat-sheba daga kan soro, marubucin ya riga ya faɗi cewa lokacin fita yaƙi ne, sarki kuwa ya tura Yowab fagen yaƙi, shi kuma ya zauna a Urushalima. Zaman banza ne ya buɗe ƙofar. Abin da ya biyo baya, har zuwa kashe Uriya mijin Bat-sheba, duk ƙoƙarin ɓoyewa ne, kuma bai tsaya ba sai da Annabi Natan ya faɗa masa gaskiya ido da ido.

Darasin 'yan zuhudun hamadar Masar

Waɗanda suka fi zurfafa nazarin wannan yaƙi su ne 'yan zuhudun da suka koma hamadar Masar a ƙarni na 4. Evagrius na Pontus (345 zuwa 399) dikon ne mai tashe a Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, sai zuciyarsa ta kamu da son matar wani babban mutum. Almajirinsa Palladius ya ce wannan ne ya sa ya gudu daga birnin wajen 382, ya bi ta Urushalima, ya ƙare a Nitriya da Keliya. A can ya tsara miyagun tunani guda 8 da ke kai wa mutum hari: haɗama, fasikanci, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasalar ruhu, son yabo, da girmankai. Daga wannan jeri ne Fafaroma Gregory Babba, wanda ya rasu a 604, ya fitar da manyan zunubai 7 da aka sani a Yamma.

Evagrius ya koyar cewa zuwan tunani ba a hannun mutum yake ba, amma zaman tunanin da daɗewarsa a hannunsa yake. Ya kuma lura cewa tunanin ba sa zuwa ɗaya ɗaya. Fasikanci yakan biyo bayan cikar ciki, ko ya shigo ta ƙofar kasala da baƙin ciki. Don haka ya shawarci ɗan zuhudu ya riƙa lura da lokacin da tunanin yake zuwa, da abin da ya gabace shi, da abin da ya biyo bayansa. Ya tattara ayoyi kusan 500 don mayar wa kowane tunani martani, yana koyi da yadda Yesu ya amsa wa Iblis a jeji. John Cassian, wanda ya zauna a Masar kafin ya kafa gidajen zuhudu a Marseille ta Faransa wajen 415, shi ya kai wannan koyarwa Turai. Ya nace cewa azumi shi kaɗai ba ya kawo tsarki in babu tawali'u, ya kuma bambanta kamunkai, wanda har yanzu kokawa ce, da cikakken tsarki, wanda salama ce da alherin Allah yake bayarwa sannu a hankali.

Amma babban maganin da hamada ta sani shi ne bayyana tunani ga dattijo. Cassian ya ba da labarin wani matashin ɗan zuhudu da ya kai wa wani tsoho kukan jarabar da ke damunsa. Tsohon ya rufe shi da faɗa, ya ce masa bai cancanci sunan ɗan zuhudu ba. Yaron ya yanke ƙauna, ya kama hanyar gari. A hanya ya gamu da Abba Apollos, wanda ya lallashe shi har ya faɗi damuwarsa, sannan ya gaya masa cewa shi ma da furfurarsa irin wannan tunani bai bar shi ba, ya roƙe shi ya koma ɗakinsa ko na kwana ɗaya. Apollos ya yi addu'a jarabar ta koma kan tsohon nan, sai ga tsohon ya fito a ruɗe ya kama hanyar da yaron ya bi. Cassian bai rubuta labarin don matasa kaɗai ba. Gargaɗi ne ga dattawa cewa shekaru ba sa ba mutum izinin karɓar furci, sai dai tausayi da sanin raunin kai.

Abin da wayar hannu ta canza

Zuciyar mutum ba ta canza ba tun zamanin Evagrius, amma hanyar da jaraba take isowa ta canza. A 1998 masanin halayyar ɗan Adam Alvin Cooper ya ambaci abubuwa uku da suka sa batsar intanet ta fi ta dā ƙarfi: sauƙin samu, arha, da rashin sanin mai kallo. A dā, wanda yake son mujallar batsa ko kaset sai ya fita, ya biya kuɗi, ya kuma haɗa ido da mai sayarwa. Kunya kaɗai ta isa ta mai da mutane da yawa gida. Tun da layukan wayar salula suka shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma wayoyi masu intanet suka cika hannun jama'a, waɗannan shingaye sun rushe. Ba sai an nema ba ma. Bidiyo yakan faɗo cikin zauren WhatsApp, ko ya zo cikin finafinan da aka tura wa yaro a shago, ko manhaja ta miƙo shi saboda ta lura da inda ido ya ɗan daɗe. Wayar da ake karanta Littafi Mai Tsarki a cikinta ranar Lahadi ita ce dai take ƙarƙashin matashin kai da tsakar dare.

Binciken ƙwaƙwalwa ya ba da ɗan haske. Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya nuna cewa tsarin da ke sa mutum ƙwallafa rai a kan abu daban yake da wanda ke sa shi jin daɗin abin, don haka ƙwallafa rai tana iya ƙaruwa alhali daɗin yana raguwa. Wannan ya dace da abin da masu fama da kallon batsa suke faɗa, cewa suna komawa ga abin da ya daina gamsar da su. Duk da haka masana ba su haɗu a kan kiran abin da sunan jarabar da ta yi daidai da ta ƙwaya ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ƙi sa shi cikin kundinta na 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cutar kasa riƙe sha'awar jima'i a kundinta na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, amma ta sa ta a rukunin cututtukan kasa danne zuciya, ta kuma bayyana cewa damuwar da ta taso daga hukuncin lamiri kaɗai ba ta isa a kira ta cuta ba.

Wannan sharaɗi ya shafi masu bi kai tsaye. Binciken Joshua Grubbs da abokan aikinsa ya gano cewa masu riƙo da addini sun fi saurin kiran kansu kamammu, ko da kallon da suke yi bai kai na wasu ba. Masanin zamantakewa Samuel Perry na Jami'ar Oklahoma, a littafinsa na 2019 kan Kiristoci masu ra'ayin riƙau a Amurka, ya nuna cewa ba su fi sauran jama'a kallo ba, amma sun fi su shan azabar kunya, har wasu su janye daga addu'a da hidima. Mata sun fi shiga uku, domin wa'azi yakan ɗauki abin a matsayin zunubin maza, sai mace ta ga kamar ita kaɗai ce a duniya. Shugabanni ma ba su tsira ba. A binciken cibiyar Barna na 2016, kashi 57 cikin ɗari na fastocin Amurka da aka tambaya sun yarda cewa sun taɓa fama da batsa ko suna kan fama. Waɗannan alƙaluman na Amurka ne, bai kamata a ɗora su a kan wata ƙasa ba. Ba kuwa suna nufin lamiri ya yi kuskure ba ne. Abin da suke nunawa shi ne kunyar da ba ta sami mafita ba takan koma ta ciyar da abin da ta tsana: mutum ya faɗi, ya tsani kansa, ya ɓuya, kaɗaicin ya yi masa nauyi, ya nemi sauƙi a inda ya saba samu. Bulus ya raba baƙin ciki iri biyu a 2 Korintiyawa 7:10, wanda ke kai ga tuba da wanda ke kai ga mutuwa.

Hanyoyin yaƙi

Umurnin Sabon Alkawari game da fasikanci shi ne gudu, kamar yadda yake a 1 Korintiyawa 6:18 da 2 Timoti 2:22, kuma Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar bai tsaya muhawara ba. A aikace wannan yana nufin abubuwa marasa armashi: barin waya a falo da dare, goge manhajar da aka san ita ce ƙofa, fita daga zauren da ake tura ƙazanta, da sanin sa'ar da mutum ya fi rauni, irin binciken kai da Evagrius ya koyar. Akwai manhajoji irin su Covenant Eyes, wadda aka kafa a 2000 aka kuma ɗauko sunanta daga alkawarin da Ayuba ya yi da idanunsa (Ayuba 31:1), masu aika wa amini rahoton abin da aka buɗe. Suna taimako, amma wanda ya ƙudura zai sami wata wayar.

Danne tunani da ƙarfin tsiya kuma ba ya aiki. A 1987 Daniel Wegner ya umurci mutane kada su yi tunanin farin beyar, sai tunanin ya riƙa dawo musu, ya ma ƙaru bayan an ɗage hanin. Mai wa'azin Sikotilan Thomas Chalmers (1780 zuwa 1847) ya riga ya isa wurin ta hanyar tauhidi, inda ya koyar cewa zuciya ba ta sakin abin da take ƙauna don an nuna mata muninsa, sai wata ƙauna da ta fi shi ƙarfi ta kore shi. Shi ya sa Filibiyawa 4:8 ta lissafa abubuwan da za a cika tunani da su, Galatiyawa 5:16 kuma ta sa tafiya cikin Ruhu a gaba, rashin biye wa jiki ya biyo baya. Addu'a, aiki, hidima, abota ta gaskiya da isasshen barci suna cikin yaƙin.

Duk waɗannan suna tsayawa ne a kan furci. Yaƙub 5:16 ta haɗa furta zunubi ga juna da warkewa, kuma kowane reshe na ikkilisiya ya nemi hanyar cika wannan. Majalisar Lateran ta 4 a 1215 ta wajabta wa Katolika furci ga limami aƙalla sau ɗaya a shekara, ta kuma sa hukunci mai tsanani a kan limamin da ya tona abin da ya ji. John Wesley, a dokokin da ya rubuta a Disamban 1738, ya tsara ƙananan ƙungiyoyi, maza daban mata daban, masu aure daban marasa aure daban, inda kowane mako ake tambayar kowa zunubin da ya yi, da gwajin da ya same shi, da yadda ya kuɓuta. Dietrich Bonhoeffer, a littafinsa na 1939 da ya fito daga zaman makarantar fastoci ta Finkenwalde a Jamus ta wancan lokaci, ya lura cewa taron masu ibada yakan hana kowa zama mai zunubi a fili, sai kowa ya zauna shi kaɗai da nasa. Ya kuma ce wanda ba ya furta nasa bai kamata ya saurari na wani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a tsakiyar kasuwa ake wankan ba. Farkawar Gabashin Afirka, wadda ta taso daga Gahini ta Ruwanda a shekarun 1930, ta ƙarfafa furci a gaban taro da sunan tafiya cikin haske. Ta gyara rayuka da yawa, ta kuma jawo ƙorafi, domin mai furta zunubin jiki a bainar jama'a yakan jawo sunan wani ciki.

Nan ne ikkilisiyoyin da ke sujada da Hausa suke da aiki a gabansu. Kunya ginshiƙi ce a tarbiyyar gida, kuma ita ce take hana yaro yi wa mahaifinsa ko fastonsa irin wannan magana. Tsarin horo da aka saba da shi, na dakatar da mutum daga Jibin Ubangiji ko mai da shi kujerar baya, an gina shi ne don zunubin da ya fito fili, kamar cikin da aka yi kafin aure. In aka yi amfani da shi a kan wanda ya kawo kansa a asirce, to an koya wa duk sauran matasa su yi shiru. Zumuntar matasa, zumuntar mata, da ƙungiyoyin ɗalibai irin su FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, suna da mutanen da za a iya horarwa su saurara, su riƙe asiri, namiji ga namiji, mace ga mace. Shawarar da ake yawan ba saurayi cewa ya yi aure ya huta ba ta wadatar ba. Sabon da aka shiga aure da shi yakan zauna, matar kuma in ta gano sai ta ɗauka ita ce ta gaza. Tana bukatar a gaya mata cewa ba laifinta ba ne, a kuma sama mata mai sauraronta, kada a mai da ita 'yar sandan wayar mijinta.

Akwai kuma mutanen da ke cikin bidiyon, waɗanda mai kallo ba ya ƙirga su. Katikizim na Katolika na 1992, a sakin layi na 2354, ya ce batsa tana cin mutuncin duk masu hannu a ciki, da 'yan wasan da masu sayarwa da masu kallo. A Disamban 2020 ɗaya daga cikin manyan shafukan batsa na duniya ya goge miliyoyin bidiyo, bayan jaridar New York Times ta fallasa cewa akwai na yara da na fyaɗe a ciki, kamfanonin Visa da Mastercard kuma suka janye hulɗa da shi. Mai kallo ba shi da hanyar sanin ko wadda yake gani da yardarta aka ɗauka. Tunawa da cewa 'yar wani ce, halittar Allah ce mai suna, yakan karya sha'awa fiye da tsoron kamu.

Sake faɗuwa abu ne da ake sa rai da shi a tafiyar, katikizim ɗin ma ya kira mallakar kai aiki mai tsawo da ke da matakan girma. Abin da ake aunawa shi ne ko tazarar da ke tsakanin faɗuwa da furci tana raguwa, da ko mutum yana komawa ga addu'a da zumunci maimakon ya ɓace. Idan kuwa abin ya kai ga hana aiki ko karatu, ko cinye kuɗin gida, ko ya haɗu da ciwon damuwa mai tsanani, ko ya samo asali daga lalatar da aka yi wa mutum yana yaro, to fasto ya haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, ya ci gaba da kiwonsa a gefe guda. Inda hotunan suka shafi ƙananan yara, maganar ta wuce ɗakin shawara, domin Dokar Laifukan Intanet ta Nijeriya ta 2015 ta mai da mallakarsu da yaɗa su laifin da ake ɗauri a kansa, kuma kare yaran ya zo gaba da rufin asirin mai furci.